Ƙudan zuma a silin: injin kwashe su ba da wuta ba

Wannan shi ne bayanin da na yi a shirinmu na noma da kiwo, na ɗan gyara shi saboda masu karatu, don da yawa sun bugo waya daga Sokode da Dapaong, har da Cinkasse da Bawku da Zugu, suna cewa awon da na faɗa ya wuce su da sauri, a rubuta musu.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko maganar. A bara, cikin watan Maris, ƙudan zuman da suka yi shekara uku a silin ɗakin ajiyar kawuna a Sokode suka harbi ƙaramar ƴarsa a fuska. Kafin magariba samarin unguwa sun hallara, ɗaya da galan ɗin fetur, ɗaya da tsumma a kan sanda. Ina wurin, kuma ban hana ba, don ni ma a lokacin abin da na sani ke nan. Wuta ta kama katakon rufi. Muka yi ta jigilar bokitai har ƙarfe goma na dare, rabin kwanon ya tafi, buhunan masara suka jiƙe, zumar da ta narke ta bi bango tana warin fetur, ko kare bai lasa ba. Bayan damina kuma wani sabon gungu ya zo ya shiga ta wannan ƙofar dai. Kawu ya yi asarar rufi, ƙudan zuma kuma suka dawo.

Tun daga nan na fara tambayar masu kiwon zuma yadda suke yi idan an kira su irin wannan wuri. Amsar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce injin zuƙo ƙudan zuma. A Amurka da Turai masu wannan sana'a suna sayensa a kanti, da yawa kuma su haɗa nasu a gida. Abin ba shi da wuyar fahimta, kuma kusan duk kayansa akwai su a babbar kasuwar Sokode ko ta Dapaong.

Amma kafin mu je ga haɗawa, ku san wanda kuke hulɗa da shi. Ƙudan zumar da muke da shi a Afirka ta Yamma, masana suna kiransa Apis mellifera adansonii, kuma ba irin na Turawa ba ne da za ka gani a bidiyo mutum ya buɗe amya hannu tsirara yana dariya. Namu yana da saurin fushi, yana fitowa da yawa, yana bin mutum nesa. Wani ɗan uwansa na kudancin Afirka ne masani Warwick Kerr ya kai Brazil a 1956, a 1957 wasu suka kuɓuce, jikokinsu suka yi ta hawa arewa har suka shiga jihar Texas a 1990, jaridu suka yi ta kiransu ƙudan zuma masu kisa. To mu a tsakiyar danginsu muke zaune. Duk abin da kuka gani a waya, ku ƙara masa kashi biyu na hattara.

Abu na biyu, ba kowane gungu ne yake buƙatar inji ba. Idan kuka wayi gari kuka ga ƙudan zuma sun dunƙule a reshen mangwaro kamar ƙwarya, waɗannan matafiya ne. Sun rabu da tsohon gidansu, ba su da saƙa, ba su da ƴaƴa, cikinsu cike da zuma, shi ya sa ba su cika faɗa ba. Mai kiwo zai tara kwali ko amya a ƙarƙashi, ya girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya, shi ke nan. Ko ku bar su ma, sau da yawa cikin kwana ɗaya zuwa uku sun tashi. Sa musu inji wahala ce kawai. Injin na wuraren da hannu ba ya kaiwa ne: cikin silin, tsakanin bulo da bulo, kogon bishiyar da ke tsakiyar makaranta, ƙarƙashin tankin ruwa, hasumiyar masallaci.

To yaya abin yake? Ku ɗauki injin zuƙar ƙura, wanda masu wankin mota suke share kujeru da shi. Idan ka zuƙi ƙudan zuma da shi kai tsaye, niƙa su za ka yi, don ƙarfin iskar ya yi yawa, kuma za su faɗa cikin ƙura da zafin inji. Dabarar ita ce a sa akwati a tsakani. Tiyo ɗaya yana shigowa da ƙudan zuma cikin akwatin, tiyo na biyu yana fita daga akwatin zuwa inji, a tsakaninsu kuma akwai raga. Iska ta wuce ta ragar, ƙudan zuma su tsaya. Duk sauran bayanin da zan yi gyare-gyare ne a kan wannan.

Mafi sauƙi shi ne a yi da bokitin fenti na lita 20 guda biyu masu murfi mai kamawa, a wanke su sosai har warin fenti ya fita. Na farko, wanda zai zauna a ciki, a yanke masa manyan tagogi a gefe da kuma gindi, a rufe su da ragar ƙarfe. Idon ragar kada ya wuce milimita 3, in ya wuce za su fita ko su maƙale da kai. Ragar sauro ta roba kuma ta yi ƙanƙanta, tana toshewa, iska ba ta wucewa yadda ya kamata. A huda murfinsa daidai faɗin tiyon shigowa. Bokiti na biyu shi ne rigar waje, a huda shi can ƙasa a gefe, a sa tiyon da zai je inji. Idan an zura na farko cikin na biyu, a naɗa tsohon tub na babur a bakin don kada iska ta riƙa shiga ta gefe. Amfanin wannan tsarin shi ne idan na cikin ya cika, ka zare shi, ka toshe bakin, ka ajiye a inuwa yana shan iska ta tagoginsa, ka zura wani. Shi ya sa ake so a yi na ciki biyu ko uku.

Wanda yake da kafinta a kusa, akwatin katako ya fi. A yi shi daidai faɗin amyar da za a zuba su, da raga a sama, da marfin ƙasa mai zamewa. Ka gama aiki, ka ɗora akwatin a kan amya, ka zare marfin, su sauka da kansu, ba girgiza ba juyewa. Masu amya ta zamani mai firam, wadda Lorenzo Langstroth ya yi wa rajista a Amurka a 1852, su ne suka fi jin daɗin wannan. A wajenmu amyar Kenya mai sanduna a sama ta fi yawa, ita ma ana iya auna akwatin da bakinta.

Yanzu tiyo, kuma a nan ne mutane suka fi kuskure. Tiyon da yake zuwa da injin shara yana da gargada a ciki, zobe-zobe. Ƙudan zuma yana tafiya a ciki yana bugun kowane zobe, kafin ya isa akwati fukafukai sun karye. A nemi mai santsi a ciki, faɗinsa santimita 5 zuwa 6, irin na famfon ban ruwa. Tiyo mai faɗi yana rage gudun iska, siriri yana ƙara shi. Kada ya wuce mita 3 in da hali, kuma kada a bar shi ya lanƙwashe. Gara a hau da bokitin sama a ɗaure shi a tsani da a ja tiyo mita 10 daga ƙasa. A daidai inda za su faɗo cikin akwati kuma a manna soson katifa, kauri kamar yatsa biyu, don kada su daki roba ko katako.

Sai ƙofar rage iska. In kun manta duk abin da na faɗa, kada ku manta wannan. A kan tiyon da ke zuwa inji, ko a jikin rigar waje, a huda rami kamar bakin kofin shayi, a yi masa marfi mai juyawa da guntun roba da ƙusa ɗaya. In ka buɗe shi, inji yana jan iskar waje, ƙarfin da ke bakin tiyo ya ragu. In ka rufe, ya ƙaru. Ana fara aiki da ramin a buɗe gaba ɗaya, sannan a riƙa rufewa kaɗan-kaɗan har a kai inda zai ɗago ƙudan zuma daga saƙa da kyar. Ƙudan zuma ɗaya nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na giram ne, wato dubu goma ne suke yin kilo guda, ba ya buƙatar guguwa. Ni da gugguru na gwada nawa: na zuba a faranti na zuƙa, na buɗe bokiti, in na tarar ya farfashe na san iskar ta yi yawa. Alama ta biyu kunne ne. In kana jin ƙas-ƙas a cikin tiyo kamar ana zuba tsakuwa, kashe su kake yi, ka buɗe ramin.

Wani ya bugo daga wajen Mango yana tambayar wanda ba shi da lantarki fa? Akwai ƙananan injinan sharar mota masu aiki da batir na bolt 12, kuma ƙarancin ƙarfinsu a nan alheri ne. Fankar na'urar sanyaya mota da ake samu wajen masu tsofaffin kayan gyara ita ma tana yi, in mai gyaran wuta ya haɗa mata gida. Abin da ba na so shi ne a kawo janareto a ajiye gindin bango. Ƙararsa da girgizarsa da hayaƙinsa suna tayar da ƙudan zuma kafin ma ka taɓa su. In dole ne, a kai shi nesa a jawo waya.

To ga abin da ya fi kashe ƙudan zuma a wannan aiki, kuma ba a cika faɗa ba: zafi. A gidansu suna riƙe wurin ƴaƴa a kan digiri 34 zuwa 35, in ya haura su yi ta fifita da fukafukai suna ɗebo ruwa. A cikin bokiti ba su da wannan damar. Muddin inji yana aiki iska tana ratsa su, amma da zarar ka kashe, dubban jikuna suna fitar da zafi a rufaffen wuri. Sai su fara amayar da zumar da ke cikinsu, su jiƙe, su manne da juna, cikin ƴan mintuna ka tarar da baƙin curi a gindin bokiti. A Dapaong, inda zafin Maris da Afrilu yake taɓa digiri 40, wannan ba abin wasa ba ne. Don haka kada a cika bokiti ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ana kashe inji a zare na cikin nan take, a kai inuwa, a ɗan yayyafa ruwa a ragar, yayyafi fa, ba wanka ba. Kuma kada a bi kan saƙar da ta fashe tana zubar da zuma da bakin tiyo, don zuma in ta shiga ciki duk wanda ya biyo baya ya manne. Saboda wannan dalilin ne ma ba a yi musu hayaƙi da yawa kafin zuƙa: hayaƙi yana sa su cika ciki da zuma, mai cikakken ciki kuma shi ne yake amai.

Mu koma kan ranar aiki. Da yamma liƙis ake yi, lokacin da masu fita kiwo suka dawo kuma gari ya yi sanyi. In duhu ya yi, a rufe tocila da jar leda, don idonsu ba ya ganin ja sosai, farin haske kuwa kansa suke yowa. Tun da rana a bi maƙwabta gida-gida a faɗa musu, yara su shiga ɗaki, a rufe tagogi. Dabbobin da ke ɗaure a kwance su a kai nesa. Akuya ko jaki ko ragon da ke turke ba shi da hanyar gudu, kuma su ne suka fi mutuwa idan gungu ya tashi. Ƴan uwanmu na yankin Savanes, ku ƙara da wannan: tun watan Yunin 2022 aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro a yankin, saboda haka mutum uku cikin fararen kaya, fuska a rufe, da jar fitila da inji a kan rufi da dare, abu ne da zai iya jawo rashin fahimta. Ku sanar da mai unguwa tukuna.

Kaya kuma babu ragi. Riga mai kauri mai haske, hula mai raga da ba ta taɓa fuska, safar hannu, takalmin roba, a ɗaure ƙafar wando, don da dare ƙudan zuma rarrafe suke yi, ta ƙasa suke hawowa. Kada a fesa turare. Mutum biyu aƙalla, ɗaya a sama ɗaya riƙe da tsani yana kula da inji. Wanda ya san harbi ɗaya yana kumbura masa jiki duka, wannan aiki ba nasa ba ne, ko kallo kada ya zo.

Idan an buɗe silin, ana farawa daga saƙar gefe. A zuƙe ƙudan da ke kanta, a yanke ta da wuƙa, a miƙa ƙasa, a matsa ta gaba. Saƙar zuma a bokiti mai murfi daban. Saƙar ƴaƴa, wadda za ku ga an lulluɓe ta da ruwan ƙasa-ƙasa ko da fararen tsutsotsi a ramuka, ita ce dukiyar. A ɗaure ta a sandunan amya da zaren auduga ko tsinken roba, yadda take a tsaye a da, kada a juya ta ƙasa ta koma sama. Ƙudan zumarmu suna da halin ƙaura, abu kaɗan ne zai sa su watsar da sabon gida su tafi, amma da wuya su bar ƴaƴansu. Wanda ya kwashe ƙudan kawai ya watsar da ƴaƴan, sau da yawa kwana biyu zai leƙa ya tarar da amya wayam.

Sai uwar gida. Iyayenmu suna cewa sarkin zuma, amma mace ce, ita kaɗai ce mai yin ƙwai a gidan, a lokacin yalwa tana iya yin fiye da dubu a rana. Ta fi sauran tsawon ciki, kuma gudun haske take yi, takan ɓuya a lungu na ƙarshe. In kun gan ta kada ku sa mata tiyo. A kama ta a hankali ta ƙirji ko fukafuki, ba ta ciki ba, a sa a kwalin ashana da aka huda, a ajiye cikin amya. In ba ku gan ta ba kada ku tayar da hankali, mai yiwuwa tana cikin bokiti, kuma ko ta salwanta, in akwai ƙwai da ƙananan tsutsotsi a saƙar da kuka ɗaure, suna iya renon wata.

Amyar a kai ta nesa, kilomita 3 ko fiye, in ba haka ba masu fita kiwo tsohon wurin za su koma. Sannan a dawo kan abin da ya ci gidan kawuna: a kankare duk sauran kaki, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a toshe kowace ƙofa da siminti ko raga. Ƙanshin tsohuwar saƙa kira ne ga duk gungun da ke neman gida.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ƙwari? To ku lissafa. Gida ɗaya mai ƙarfi yana ɗauke da ƙudan zuma dubu 20 zuwa sama, kuma mai kiwo yakan kafa amya ya yi watanni yana jiran gungu ya shiga, ga shi kuwa an ba shi kyauta har da ƴaƴa. Manoman kashu na Tchamba da kewayen Sokode, da mata masu tsintar kaɗanya a Savanes, ƙudan zuma suna cikin masu kai ƙurar fure daga bishiya zuwa bishiya a gonakinsu, ga ɗorawa da mangwaro da riɗi. Maganin feshin auduga yana rage su, wutar daji tana rage su, masu shan zuma da wuta suna rage su. A wajen Musulmi kuma, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunansu, Suratun Nahli, kuma malamai suna kawo hadisin da ya hana kashe su. Ni a ganina ƙungiyar masu kiwon zuma a kowane gari ya kamata ta mallaki inji ɗaya, a san lambar wanda za a kira, ya karɓi ɗan ladan aikinsa, ya tafi da ƙudan. Ba kowa ne zai haɗa nasa ba, kuma gaskiya ba na son kowa ya haɗa. Wanda bai taɓa buɗe amya ba, injin ba zai koya masa ba, sai dai ya ba shi ƙarfin halin da bai kamata ya samu ba. Ya bi mai sana'ar sau uku ko huɗu tukuna.

Saura harbi, don ko an yi hattara sai an samu. Ƙarin yana maƙalewa a fata da ƴar jakar dafi tana ci gaba da turawa, a kankare shi da farce nan take, saurin ne mai muhimmanci. Wurin yana fitar da wani wari mai kama da na ayaba, shi ne yake kiran sauran, don haka a busa masa hayaƙi ko a wanke. In gungu ya taso wa mutum, ya rufe fuska ya ruga ya shiga ɗaki ko mota ya rufe, kada ya tsaya yana kaɗa hannu, kada kuma ya faɗa ruwa, suna jira a sama. Kumburi da zafi a wurin harbin ba komai ba ne. Amma in mutum ya fara jin numfashi yana sarƙewa, leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya kumbura, jiki ya feso da ƙuraje, ko jiri ya ɗebe shi, to wannan ba na manja ko toka ba ne. A ɗora shi a babur zuwa asibiti mafi kusa, a faɗa musu harbin ƙudan zuma ne, akwai allurar adirenalin da ake yi. Haka ma yaro ko tsoho da aka yi wa harbi da yawa, a kai shi ko da ya ce lafiyarsa lau, don dafin yana iya taɓa ƙoda daga baya. A Sokode da Dapaong duka akwai babban asibitin yanki, kuma kafin a hau tsani a tabbata akwai babur da mai a ciki a ƙofar gida.